Inna ta rasu, mun rasa yadda za mu tuna da ita ba tare da rigima ba

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ta rasu wata tara ke nan. Inna muke ce mata, mu da jikoki duka. Ina aji uku a firamare mahaifinmu ya rasu, ya bar mata mu shida da gida ɗaya a wani gari a jihar Katsina. Ba ta sake aure ba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ciyar da mu, ta sa mu a makaranta, ta aurar da mu. Da yayanmu na biyu ya rasu shekara biyar da suka wuce, matarsa ta fita takaba ta yi aure, Inna ta karɓi 'ya'yansa uku. Babbarsu yanzu shekararta 14.

Ni ina aure a Legas. Daren da za ta rasu ta kira ni ina tsakiyar girki, na ce mata Inna zan kira ki anjima. Ban kira ba. Da asuba aka ce ta cika, kafin in iso an kai ta makwancinta. Har yau abin nan yana cin raina.

Yanzu shekara ta kusa zagayowa. Ina so mu taru a yi mata sauka da sadaka, a buga kalanda da hotonta a raba. Iya, ƙanwar Inna, tana bayana, ta ce abin kunya ne mace kamar Inna a yi shiru kamar ba ta haifa ba. Babban yayanmu ya ce bidi'a ce, ba a gidan ba. Ƙanenmu kuma ya matsa a sayar da gidan a ba shi rabonsa ya ja jari. Marayun suna gidan tare da autarmu, ita ma an sa ranarta. Zauren WhatsApp ɗinmu na gida ya yi tsit, kowa ya ɗauke wuta. 'Ya'yana ƙanana ne, ina tsoron su tashi ba su san wace ce kakarsu ba. Ya zan yi?

Ƙanwarki, daga Legas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya yi mata rahama, ya sa can ta fi mata nan, ya albarkaci abin da ta bari.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙuli ya san nauyin abin da kika faɗa a layi ɗaya. A tashi tun da duhu a soya gyaɗa, a murje, a fece ɓawon, a tura yaro inji, a dawo a zauna gaban turmi ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Sannan a matse tunkuza, a mulmula, a koma bakin wuta. Hayaƙi a ido, zafi a tafin hannu, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Da wannan ribar aka yi kuɗin makarantar mutum shida da kayan ɗakin 'yan mata, aka kuma dawo aka ɗauki wasu uku da tsufa. Macen da ta yi wannan ta cancanci a tuna da ita, kuma ba ki yi laifi ba da kika damu. Sai dai zan fara da wayar nan, don na lura ita ce ƙayar da ke ƙafarki, sauran maganganun a kanta kike taka su.

Da kin san ita ce ta ƙarshe, da kin bar tukunyar ta ƙone ƙurmus. Ba ki sani ba, kuma ba a ba kowa wannan sanin ba. Ayar ƙarshe ta suratu Luƙman ta gaya mana rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai kuma san ƙasar da zai mutu a cikinta ba. Sau nawa a rayuwarki kika ce mata zan kira anjima, kika kira, kuka sha hira har kati ya ƙare? Wannan karon ne kawai ajali ya riga ki. Ki kuma tuna wace ce a ɗaya gefen wayar. Matar da ta yi shekaru tana tsaye kan murhu ta fi kowa sanin abin da ake nufi da ina girki. Ina kyautata zaton da ta ajiye wayar albarka ta sa miki, don ta ji 'yarta tana kula da gidanta kamar yadda ta koya mata. Rufe ta da aka yi kafin ki iso kuwa, gata aka yi mata, domin gaggauta jana'iza umarnin Manzon Allah (SAW) ne. Daga Legas zuwa Katsina ba tafiyar da za a ajiye gawa a jira ba ce.

Ba ke kika fara shiga wannan halin ba. Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj a Madina, mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Ya zo wajen Annabi (SAW) da irin nauyin da ke zuciyarki, ya tambaya ko zai amfane ta idan ya yi sadaka a madadinta. Aka ce masa eh, nan take ya bayar da gonarsa. Bukhari ne ya ruwaito. A wata ruwayar ta Abu Dawuda ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Ki lura ba a tsaya yi masa faɗan me ya sa ba ya nan ba, abin da zai yi gaba aka nuna masa. Kuka kuwa ki yi abinki. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa Amina, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Amma idan kika ga wata tara ɗin nan barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kula da yara ya zama miki dutse, to ki gaya wa maigidanki ku je ku ga likita. Damuwa ciwo ce da ake magani, zuwa asibiti a kanta ba raunin imani ba ne.

Mu zo kan taron shekara. Wannan saɓanin ya girme ku. Tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 gidajen Hausawa da yawa suke wannan muhawarar a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Akwai malaman da ke ganin ware rana a taru ƙari ne a addini, akwai masu ganin addu'a ce da ciyarwa, kuma ba zauren WhatsApp ɗinku ne zai raba gardamar da malamai ba su gama rabawa ba. Ni ba fatawa zan ba ki ba. Abin da nake so ki gani shi ne, Yaya ba don ba ya ƙaunar Inna ya hana ba. A fahimtarsa kare ta yake yi daga abin da yake ganin ba zai amfane ta ba, kuma shi ne ya fi ku daɗewa yana kallon wahalarta. Iya ma ba neman suna take ba. Ku uwa kuka rasa, ita ta rasa wadda suka sha nono ɗaya, wataƙila mutum na ƙarshe da ya san ta tun tana yarinya. A duniyar da ta tashi, tukunyar sadaka ita ce hanyar cewa wannan mamacin yana da mutane.

To ku tsaya inda kowa ya yarda. Babu malamin da ya hana ɗa yi wa uwarsa addu'a, babu wanda ya hana sadaka a madadinta. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim duk kun haddace shi tun a Islamiyya: idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke masa addu'a. Ranar ce kawai ake jayayya a kanta. Shawarata ki saki ranar ki riƙe aikin. Ku haɗu a gida da Sallah, lokacin da dama kowa ke zuwa, a ɗora babbar tukunya, a yi irin tuwon da Inna ke yi, a kai wa maƙwabta da almajiran da suka saba miƙo kwano a zaurenta. Kowa ya yi mata addu'a yadda ya gamsu. Idan Iya ta ga sai ta kira malamai sun yi sauka a ranar da shekara ta cika, ta yi a gidanta, ke kuma ki aika mata da gudummawarki ba tare da shela ba. Yaya ya ce ba a gidan ba, to ba a gidan aka yi ba, kuma ba na jin zai je ya tayar wa ƙanwar mahaifiyarsa da taro.

Kalanda kam, ki yi haƙuri, ba na bayanki. Ba don komai ba sai don na ga ƙarshen kalandun nan da idona. Shekara na juyawa ake sauke su daga bango. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a rabin fuskar wata baiwar Allah, ga Inna lillahi a rubuce a sama mai ya jiƙe shi. Kuɗin bugun nan yana da inda ya fi buƙatarsa.

Wajen kuwa yana cikin wasiƙarki, kin ambace shi a gurguje kin wuce. Yara uku, babbarsu 14, uba ya rasu, uwa tana gidan wani, kakar da ta zame musu bango ta faɗi, wadda ke riƙe da su an sa ranarta, ana kuma maganar sayar da rufin da ke kansu. Ƙanwata, da za a ba Inna minti ɗaya ta leƙo gidan nan, kina jin taron shekara za ta tambaya? Cewa za ta yi wa ya ba yaran nan abinci, an biya kuɗin makaranta, wa ke yi wa yarinyar nan kitso. Ku shida ta gama da ku. Waɗannan ukun ne aikin da mutuwa ta same ta a tsakiyarsa, kamar wadda aka kira ta bar gyaɗa a kasko. Duk wanda ke son ya yi wa Inna wani abu, ga inda za a fara.

Akwai kuma abin da nake so ku bincika tun kafin a kira dillali. Kin ce gidan mahaifinku ne ya bari. Idan haka ne, kuma ba a taɓa raba gadonsa ba, to gidan ba na Inna ba ne ita kaɗai. Nata a ciki tumunin takaba ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura na magadan mahaifinku. Yayanku marigayi ya rayu shekaru masu yawa bayan mahaifinku, saboda haka ya ci gadonsa, kuma da ya rasu rabonsa bai bi shi kabari ba. Ya koma kan nasa magadan: matarsa tana da tumuni, Inna tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, ragowar na 'ya'yansa ne in akwai namiji a cikinsu. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, don sun ji ana cewa jika ba ya gadon kaka matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Haka ne, a abin da Inna ta mallaka ba su da kaso. Amma a gidan kakansu suna da haƙƙi ta hanyar ubansu, kuma dukiyar maraya ce, wadda suratun Nisa'i ta kwatanta cinta da zalunci da cusa wuta a ciki. Ko a kayan Innar ma, aya ta 8 a wannan surar ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Wannan lissafi ne mai hawa-hawa, gado cikin gado, kada ku yi shi da ka a tsakar gida. Ku samu malamin da ya san ilimin gado, ko ku je kotun shari'a a raba muku a rubuce da shaidu.

Kafin rabon ma akwai abin da ke gaba da shi. Mai sana'a irin ta Inna da wuya a ce ba ta cikin adashi, ko ba ta karɓi buhun gyaɗa bashi ba, ko wata maƙwabciya ba ta ba ta ajiya ba. Ku tambayi autarku da Iya da uwar adashin unguwa. Bashi ake fara biya, sai wasiyya idan ta bari, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, sannan gado. Rijiya ko wata sadaka kuma daga aljihun wanda ya yi niyya za ta fito, ko daga rabonsa bayan an raba. Ba a ɗiba daga dukiyar da ba a raba ba a ce an yi wa mamaci alheri, balle da haƙƙin marayu a ciki.

Ƙanenku kada ku mai da shi bare. Neman rabonsa ba rashin kunya ba ne, haƙƙinsa ne, kuma a wannan zamanin, saurayin da ke neman jari ba abin zargi ba ne. Abin da za a nema a wurinsa shi ne lokaci. A sa masana su yi wa gidan kuɗi, a fitar da nasa a lissafi, ku da kuke da hali ku saye rabonsa ko da biya biyu ko uku ne, gidan ya tsaya. Idan hakan ta gagara dole sai an sayar, to kada a karɓi ko sisi sai an san inda yaran za su koma da wanda zai riƙe musu kasonsu da amana. Mahaifiyarsu ma a sa ta a shawarar, aure da ta yi bai cire ta daga uwa ba. In da hali kada a rarraba su kamar kayan gado, wannan Legas wancan Kano. Sun rasa da yawa, kada su rasa juna. Idan kuma zuciyarki ta raya miki ki ɗauko su, ki zauna da maigidanki tukuna ku auna ɗaki da aljihu, don ɗaukar maraya da zumuɗi a dawo da shi bayan wata shida ya fi barinsa ciwo.

Duk wannan ba a rubuce za ki faɗe shi a zauren gida ba. Rubutu ba shi da murya, kowa da irin sautin da yake karanta shi. Ki kira Yaya shi kaɗai bayan isha'i, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce masa Yaya na janye maganar taro da kalanda, amma yaran marigayi suna hana ni barci, kai ne ubanmu yanzu, me ka gani? Babban wa uba ne, kuma mutumin da aka bar wa girmansa yakan sauko da kansa. Ke kika fara sassautawa, shi ma zai ji kunyar ya ƙi. Idan an zo maganar sadaka mai gudana, ku yi daidai ƙarfinku. Rijiyar burtsatse tana da kyau, amma unguwanni cike suke da waɗanda aka buɗe da kabbara suka lalace babu mai gyara. Gyara wadda ta mutu a unguwar Inna, ko dasa darbejiya a ƙofar makarantar allo, ko ɗaukar kuɗin makarantar jikokinta duk zango, kowanne yana gudana.

Sai tsoronki na ƙarshe, kada 'ya'yanki su manta ta. A nan ina da nadamar kaina. Da mahaifiyata ta rasu akwai saƙonninta na murya a wayata, na ce ai suna nan. Wayar ta faɗa ruwa, ko ɗaya ban tsira da shi ba. Yau ina iya tuna kalamanta, amma sautin yana dusashewa. Don haka yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki nemo duk wani saƙon muryar Inna da hotonta, ki tura su wata wayar, ki adana a imel, ki ce 'yan uwanki su turo nasu.

Sannan ki koma kan Iya, ita ce taskar da ta rage muku. Annabi (SAW) ya ce 'yar uwar uwa tana matsayin uwa, kuma shi da kansa bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Ki riƙa kiranta, in kin je gida ki kwana a ɗakinta, ki kunna rikoda a waya ki bar ta ta yi ta zuba. Kada ki ce mata a wace shekara aka yi kaza, tsofaffinmu ba da lamba suke lissafi ba. Ki ce lokacin da aka kashe Sardauna Inna ta yi wayo? Da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira tana gidan miji? Na farko 1966 ne, na biyu 1973, kin ga kin samu shekarun ba tare da kin wahalar da ita ba. Ki tambayi sunan da kakanninku ke kiranta da shi, da waƙar da take yi in tana daka, da abin da ke sa ta dariya, da abin da ke ɓata mata rai, don yara sun fi riƙe kaka mai faɗa da tsokana a kan wadda aka ce musu ba ta taɓa kuskure ba. Abin da kika tara ki rubuta a littafi ɗaya na gida, kowane ɗa da jika ya ƙara nasa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa 'yan uwanta da ƙawayenta marsiyya tana lissafa halayensu na kirki, shi ya sa har yau ake sanin wasu matan da da tuni an manta da su.

Jikar nan mai shekara 14 kuma ki jawo ta jiki. Wajen shekara huɗu ta yi tana kwana da tashi da Inna, ta san abubuwan da ke da kike Legas ba ki sani ba, kuma ina kyautata zaton tun rasuwar ba wanda ya zauna ya tambaye ta ya take ji. In kun haɗu da Sallah ki sayo gyaɗa tiya biyu, ki fito da turmin Inna, ki ce ta nuna miki yadda Inna ke gane mai ya kusa tasowa. Ki zaunar da naki yaran kusa su mulmula, ko da sun ɓata rabi. Ki rubuto mini yadda kuka yi da Yaya.